Ƙahon Ranar Alhamis

A Hillar Ɗanjuma, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'a, babbar magudanar ban ruwan gonaki, yamma da Hasahisa, da wuya ka sami dattijon da zai tuɓe riga ba ka ga tsagar Mati Wanzami a gadon bayansa ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai surutu kamar an biya shi, kuma yana ji da hannunsa ƙwarai. In ka yabi askarsa ka gama da shi.

A hanya aka haife shi, wani wuri tsakanin Wadai da Fashir, lokacin da iyayensa suka baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka. Da suka iso Jazira uban ya ce a tsaya a yi cirar auduga ta shekara guda, a sami guzuri a wuce. Shekara gudan nan ita ce har aka binne shi a bayan gari. Abin da ya bar wa Mati bai fi a rataya a kafaɗa ba: zabira, aska uku, ƙaho shida, sai magana ɗaya da ya sha nanata masa. Ya ce wanzami ba ya zubar da jini sai ya dube shi. In ya fito baƙi ya daskare, ciwo ne ya fita. In kuwa ya fito tsararo kamar ruwan wankin nama, ya ƙi kama jikinsa, to a cire ƙaho, kada a sake kusantar mutumin nan da aska, don ba shi da sauran abin bayarwa.

Mati ya riƙe wannan, ya kuma iya aikinsa, ba mai ja. Aibinsa guda ne, kuma duk garin an san shi da shi: bakinsa ba ya iya ɗaukar mugun labari. Ranar da matarsa Sakina ta rasu, shi aka ce ya je ya sanar da uwarta. Ya je, ya zauna, ya sha shayi, ya tambayi lafiyar awaki, ya taso ya dawo bai faɗa ba. Sai wani aka sake aikawa. Mutane sun daɗe suna ba da labarin nan suna dariya, suna cewa taushin zuciya ne. Ni dai ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Tun bayan da Turawa suka bar ƙasar, kowace Alhamis da hantsi tsofaffin abokansa ke taruwa a rumfar da ke bayan ɗakinsa. Da su biyar ne. Yakubu ya riga su tafiya: cikinsa ya kumbura shekara biyu, da ya fara aman jini aka ɗora shi a lori aka kai shi isbitaliya, wato asibiti, aka yi masa allurai, bayan kwana tara aka dawo da gawa. An kai shi a makare ne, amma a rumfar Mati ba haka aka riƙe zancen ba. Abin da aka riƙe shi ne Yakubu ya tafi da ƙafarsa, allura ta dawo da shi a kwance.

Saura huɗu, har da Mati. Akwai Jibirin, babbansu, ƙato mai jan ido, wanda gwiwarsa ke sanar da shi hadari tun kafin a ga gajimare. Akwai Alhasan mai dafa musu jabana, gahawar nan mai citta, wanda haƙoransa ke barinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne sai an ba da tarihinsa. Sai Almu, taubashin Mati, wanda suka taso tare tun suna kiwon jakai. Shi Almu tun yana saurayi yake ban ruwa a hawasha, gonar auduga ta gwamnati, kullum ƙafarsa cikin ruwan tur'a har gwiwa.

Hirarsu ba ta wuce jiki. Wannan ya ce jiya bai runtsa ba don ƙugu, wancan ya ce ai naka wasa ne. In wani ya sami sauƙi, sai ya kawo abin da ya sha a ƙulle a tsumma, garad ne, wato bagaruwa, ko hilba ko sassaƙen wani itace, a raba kowa ya gwada, ko ciwon nasu bai yi kama ba. Har gasa suke yi. Wanda ya fi kowa shan wuya a makon shi ake fara zuba wa gahawa. Bayan an gama ƙorafi sai a tuɓe riguna. Jibirin ake fara kafa wa ƙaho saboda girma, Almu ne na ƙarshe, don sai ya leƙa ruwan gonarsa yake zuwa.

A shekarar da ake maganar an gama madatsar ruwa ta Rusairis ne Almu ya fara canzawa. Hannayensa suka sirance, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, cikin kuwa ya turo gaba.

“Kai taubashi,” in ji Mati, “wata nawa ne? A gaya muna mu shirya ragon suna.”

“Kai za ka yi askin, ai ba ka da wani aiki,” in ji Almu. “Nauyi dai nika ji, awa an ɗaura min buhun dawa. Amma in ka kafa min ƙahonga, sai in ji na koma yaro. Kwana ukku ina kwayyis, lahiya lau.”

Aka yi dariya. Ba wanda ya ambaci Yakubu, amma Alhasan ya zuba wa Almu gahawa kafin kowa, kuma bai tambayi wa ya fi shan wuya ba.

Wata Alhamis a farkon bazara Mati ya kafa masa ƙaho biyu a ƙarƙashin kafaɗa, fata ta taso, ya cire ya tsaga, ya mayar ya tsotsa ya toshe. Da ya ɓalle ƙahon ya juye a sakaina, sai ya duba. Abin da ya zubo bai tsaya wuri guda ba. Ya malale a cikin sakainar, ja-ja, tsararo, har ana ganin ƙasan ƙwaryar ta cikinsa. Mati ya tsaya yana kallo, muryar ubansa na dawo masa tiryan-tiryan.

“Yaya, wanzam?” in ji Almu, bai juyo ba. “Mi ya hito?”

Nan ne wurin da ya kamata Mati ya buɗe baki. Jibirin na zaune, Alhasan na zaune, da an taru an san abin yi. Amma ya dubi ƙeyar Almu, ya ga yadda jijiyoyin wuyansa suka fito. Ya sa ƙafa ya ture ƙasa a kan sakainar.

“Datti ne,” ya ce. “Na zubar.”

Mako guda ya yi yana juya abin a ransa. In ya sake tsaga Almu, kashe shi zai yi da hannunsa. In ya ƙi, dole ya faɗi dalili, kuma dalilin sunansa ciwon Yakubu. Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mai gudun magana, ya kuwa yi murna da ita har ya ji yunwa.

Alhamis ta gaba, da ya gama da Jibirin, bai zubar da jinin ba. Jinin Jibirin baƙi ne wuluk, mai kauri, yana daskarewa kamar hanta. Ya tura sakainar ƙarƙashin zabira. Da Almu ya zo ya juya baya, Mati ya kafa ƙaho ya bar shi ya daɗe har wurin ya mutu, sa'an nan ya cire ya karta fatar da gadon askar, inda ba kaifi. Ya mayar da ƙaho, ya tsotsa, ya jira. Can ya ɓalle, ya yi kamar yana juyewa, ya miƙo sakainar Jibirin ta gefen kafaɗar Almu.

“Dibi abin da kaka yawo da shi.”

Almu ya duba, ya daɗe yana dubawa. Fuskarsa ta washe irin washewar da Mati ya kwana biyu bai gani ba.

“Duk wanga cikin jikina? To ai dole in ji nauyi. Alhamdu lillahi. Jibirin, zo ka ga ciwo da idonka.”

Jibirin ya leƙo, ya girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin mugun jini irin wannan ba.

Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Da aka daina ɗibar masa jini Almu ya ɗan farfaɗo, ya koma cin tuwo da kyau, har ya riƙa zuwa rumfa da waƙa a bakinsa. Kowace Alhamis a nuna masa sakaina, shi kuma ya ba da labarin sauƙin da ya samu, dalla-dalla, kamar mai ba da labarin tafiya. Ɗansa ya zo daga Suki ya ce a kai shi wurin hakim, wato likita, a duba cikin nan, Almu ya ce wane hakim, shi da yake ganin ciwonsa na fita da idonsa duk mako? Mati na zaune aka yi wannan magana. Ya sunkuyar da kai yana wasa askarsa a tafin hannu.

Shi kaɗai yake ganin sauran. In Almu ya sunkuya, Mati na ganin ƙafafunsa sun cika har igiyar takalmi ta nutse a ciki. In ya ɗaga ido, cikin fatar idon fari fat. Tsofaffin tsagogin bayansa sun warke sun bushe, ba sabuwa ko ɗaya. Kullum in ya ajiye ƙaho sai ya ce a ransa mako mai zuwa zai faɗa. Haka aka ci wata huɗu, har damina ta sauka aka fara shukar auduga.

Ranar wata Laraba da la'asar, yana zaune yana gyaran zabira, sai ga Dije matar Almu. Tsohuwa ce mai ƙarancin magana, ba ta taɓa taka rumfar nan ba. Ta tsaya daga bakin inuwa, ba ta zauna ba.

“Malam Mati, ni ka shafa mai man ridi a baya duk dare. Wata huɗu ban ga tsaga ba. Jinin da kaka gwada mai, na wane ne?”

Mati ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga idonta, ya fasa. Ya gaya mata duka, kansa a ƙasa. Ita ce mutum ta farko da ya taɓa gaya wa mugun labari, kuma ita ma don ta riga ta sani ne.

“Kin ga ai don kar in cutar da shi ne,” ya ce.

“Na gani. Amma ka rufe mai ƙofar isbitaliya da hannunka. Ni na yi magana, ɗansa ya yi, ya ce Mati ya gwada mai. Ba ya jin ta kowa sai taka. Gobe Alhamis. Ka hwaɗa mai gaban abokansa, ko ni in hwaɗi.”

“Ki ba ni gobe kawai. Akwai Mahadi ɗan marigayi Yakubu, tamarji ne, mai jinyar marasa lahiya a Hasahisa, yana aiki tare da hakim. In tahi in zo da shi, ya duba shi, sai mu hwaɗa mai tare. Zai fi jin daɗin ji daga bakin mai ilimi.”

Dije ta dube shi. Ta san ba don jin daɗin Almu ba ne. Amma zuwan Mahadi abu ne mai kyau, sai ta ce to, ta juya ta tafi.

Da sassafe ya hau lorin farko. Yana zaune a kan buhuna yana jin wani sauƙi marar kunya, don yau dai ba shi zai yi magana ba. Gabas ta yi baƙi tun suna hanya. Ya sami Mahadi kafin azahar, yaron ya saurare shi, ya ce wannan ciwon tur'a ne ya kama hanta, kuma kada a sake a cire wa mutumin nan jini ko cokali guda. Ya yarda zai biyo shi da yamma. Kafin yamma sama ta ɓalle.

Wanda bai san laƙar Jazira ba ba zai gane ba. In ta sha ruwa, baƙar ƙasar nan takan riƙe tayar lori kamar danƙo, jaki ma sai ya ga dama. Ruwa ya kwana yana zuba, ya ƙara da safe. Ba lorin da ya motsa ranar Juma'a. Mati ya wuni a tasha yana kallon hanya, yana lissafin cewa ai kwana biyu ba wani abu ba ne, mutumin da ya yi wata huɗu. Duk da haka ya kasa cin abinci. Ranar Asabar da ya ga ba alamar tafiya, ya cire takalmi ya rataya a wuya, ya kama gefen tur'a da ƙafa.

Da ya hango garin, rana ta karkata. Abin da ya fara gani jakai ne, da yawa, a ɗaure a ƙofar gidan Almu.

Alhasan ne ya tare shi ya ba shi labari. Ranar Alhamis Almu ya zo rumfa ya tarar ba kowa sai shi Alhasan da Jibirin, ya yi ta mita, ya ce jikinsa ya saba, in ba a cire dattin nan ba nauyi zai danne shi. Dije ta ce ya jira, ya ce me zai jira. Ta gaya masa gaskiya a tsakar gida, ya yi dariya, ya ce mata ba su san aikin wanzamai ba, Mati ba zai yi masa haka ba. Juma'a da ruwa ya tsagaita ya ja jakinsa ya tafi kasuwar ƙauyen da ke gaba, inda wani baƙon wanzami ke zama. Baƙon ya dube shi ya yi jim, ya ce baba jikinka ba ƙwari. Almu ya ce kada ya damu, wanzaminsa na cire masa cikin sakaina duk mako, baƙi ƙirin, kuma shi ne ke riƙe da shi. Almu ya ƙara da cewa tun da an tsallake rana, a kafa shida. Jakin ne ya kawo shi gida, a kife a wuyansa. Ya kai safiyar Asabar, sa'an nan ya cika.

An jira Mati da wanka, don kowa ya san shi Almu zai so. Ya shiga da laka har cinyarsa. Da suka juya gawar, ya ga bayan da ya yi wata huɗu yana karewa: da'ira shida, kowace da sabuwar tsaga, a jere, aikin mai hannu ne ba laifi. Ko a lokacin wani ruwa-ruwa ja na tsatsowa daga biyu a cikinsu. Mati ya sa tsumma ya goge, ya sake tsatsowa. Ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko ranar Sakina, don wannan da sa hannunsa a ciki.

Kwana uku ana zaman makoki ana yabonsa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce Allah sarki, da Mati na gari da ba haka ba, hannunsa kaɗai ya karɓi marigayi. Dije tana cikin gida, ba ta ce wa kowa komai ba. Ya gane ta bar masa ne ya ɗauka ko ya ajiye.

Alhamis ta zagayo. Jibirin da Alhasan suka zo rumfa, don ba su san inda za su ba in ba nan ba. Alhasan ya dafa jabana, ya jera finjali huɗu, ya lura, ya mayar da ɗaya cikin kwando. Jibirin ya ce gwiwarsa ta hana shi barci. Alhasan ya ce wani turmin haƙorin ya fara girgiɗi. Maganar ta ƙi tafiya. Jibirin ya tuɓe riga ya juya baya.

“Kafa min, wanzam. Kai dai Allah ya ba ka hannu. Wata huɗu kana jan ciwo daga jikin bawan Allah wanga, baƙo ya zo rana guda ya ɓata.”

Mati na riƙe da ƙahon. Bayan Jibirin ne a gabansa, ba fuskarsa ba, wataƙila shi ya sa ya iya.

“Ban ja komi ba,” ya ce. “Tun bazara ban tsaga Almu ba. Jininsa ya ƙare, na gani, na kasa hwaɗi. Abin da nika gwada mai, naka ne, Jibirin. Shi ya gani ya ƙi hakim. Shi ya kai wa baƙo labari.”

Ana jin kwaɗi daga tur'a. Alhasan ya ajiye finjalinsa a hankali kamar mai tsoron ya fashe.

“Nawa,” in ji Jibirin. Bai juyo ba. “Har ka kira ni na leƙa, na ce ban taɓa ganin mugun jini irinsa ba.”

“Shi ya kira ka.”

“Kai ka bari.”

Mati ya jira zagi, ko mari, da ya fi masa sauƙi. Jibirin ya gyara zama. Daga baya ya ce, “To kafa. Gwiwar ba ta san an yi mutuwa ba.”

Ya kafa, ya tsaga, ya tsotsa. Da ya gama ya miƙo sakainar, Jibirin bai dube ta ba. Ya lanƙwasa hannu ya kai baya, da ƙyar, ya laluba har yatsunsa suka sami tsagar, ya dawo da su gaban idonsa ya ga jini. Sa'an nan ya sa riga.

Mati ya ƙara shekara tara a duniya. Bai bar sana'a ba, rumfar ma ba ta mutu ba, wasu tsofaffin suka maye gurbi, ana ta kawo ƙugu da haƙori da ƙullin magani. Mutum uku ya kora zuwa wurin Mahadi da bakinsa, biyu sun dawo da ƙafarsu. Jikokin Dije kuwa wani wanzami ake ɗauko musu daga nesa ranar suna, bai taɓa tambayar dalili ba. Labarin ya bazu, kuma har ya mutu ba wanda ya taɓa yi masa gori a kai. Sai dai duk wanda ya tashi daga gabansa, tsoho ko yaro, har waɗanda ba su san Almu ba, kafin ya sa riga sai ya kai hannu baya ya shafa. Mati yakan tsaya da sakaina a hannu, ya jira mutum ya gama.